Shekaru Sha Shida da Suka Tsayar da Kundina

Ranar da na kai kwafe-kwafen kundina na digirin digirgir ofishin makarantar karatun gaba da digirin farko, na ɗauka nawa ya ƙare, saura a aika wa mai jarrabawa na waje, wato malamin wata jami'a da zai tantance aikin. Watan Mayu ne na 2023, cikin zafin nan na Sakkwato da iska ke bugun fuska kamar daga bakin maƙera ta fito. Na ɗaure kundayen a bayan babur, na lulluɓe su da leda saboda ƙura. Hajiyar da ke karɓar takardu ta ciro fayil ɗina, ta ɗora yatsa kan wata takarda da na sa wa hannu tun 2019, ta dubi bangon kundin, ta sake duban takardar.

Ta ce, "Malam, wanga take da na cikin fayil ba ɗaya ba ne."

Na ce, "Hajiya, ai shi ne. Tarihin jima da cinikin fata ne a ƙasar Sakkwato."

Ta juyo mini da takardar. Abin da Majalisar Dattawan jami'a ta amince mini da shi ya fara daga 1903 ya tsaya a 1960. Abin da ke bangon kundina ya kai 1976. Shekaru sha shida ne tsakani, kuma su suka ci mini wata huɗu da kuɗin rajistar wata sabuwar shekarar karatu. Laifin ba na Hajiya ba ne, ba kuma na malamaina ba. Nawa ne, kuma don kada ya faɗa wa wani nake ba da labarin tun daga farko.

Na shiga karatun digirin digirgir a fannin tarihi ina koyarwa a wata makarantar sakandare, da mata da 'ya'ya huɗu. Shiga ɗin ba ta ba ni wahala sosai ba. Ana son digiri na biyu wanda aka yi da kundin bincike, da maki da ya kai abin da jami'a ta ƙayyade, da takardar hidimar ƙasa, da wasiƙun shaida daga malaman da suka san aikinka, da 'yan shafuka da ke bayyana abin da kake son bincikawa. Cikakken sakamakon karatunka na baya kuwa ba a hannunka ake karɓa ba, makarantar da ka yi ce ke aikawa da kanta. Fom ta intanet, biya ta Remita, sai ka adana rasit kamar takardar gida. Ranar rajista aka ba kowannenmu wani ɗan littafi na ƙa'idojin karatu. Na duba shafin da ya ce mafi ƙarancin lokaci ga ɗalibi mai cikakken karatu zango shida ne, wato shekara uku, na rufe, na jefa shi cikin akwati. Ban sake buɗe shi ba sai daren da Hajiya ta maido ni gida da kundayena.

Shekarar farko ta kwasa-kwasai ce: dabarun bincike, falsafar tarihi, da semina. Aka kuma naɗa mini kwamitin masu duba aiki, mutum uku, babban mai dubawa da mataimaka biyu. Da na fara kai wa babban malamina tsarin abin da nake so, tun daga jihadin 1804 na ɗauko har zuwa yau. Kakana na wajen uwa baduku ne, na tashi ina ganin jar fata da kore da baƙa a shimfiɗe a zaure, don haka ji nake babu abin da zan bari. Malam ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Kundi kake so ka yi, ko kogin Rima kake so ka kwashe da ludayi?" Muka zauna muka yanke. Muka fara daga 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris, muka tsaya a 1960, shekarar samun 'yancin kai.

Kare tsarin bincike, abin da ɗalibai ke kira furofozal, shi ne zama na farko da mutum zai san ya shiga karatu. Malaman sashe duka suna zaune, ɗalibai 'yan'uwanka a baya, kai kaɗai a tsaye. Za ka faɗi matsalar da ta sa kake binciken, da abin da magabata suka rubuta, da giɓin da suka bari, da hanyar da za ka bi ka samo bayanai. Wani malami ya tsare ni da tambaya ɗaya har sau uku: mene ne sabo a nan? Kowa ya san jar akuyar Sakkwato, kowa ya san fatarta ce fatake ke ƙetara Sahara da ita har ta isa Turai ana ce mata fatar Maroko. Me zan ƙara? Sai a karo na uku na iya cewa, an rubuta labarin fatar, an rubuta na kamfanonin da suka saye ta, amma ba a tambayi majemin da hannunsa ke cikin kwatarniya ba. Ya gyaɗa kai, ya ce to rubuta haka a babi na ɗaya.

Bayan wannan zama ne ake yi wa take rajista. A lokacin na ɗauke shi cike fom kawai. Ashe tafiya ce mai zango huɗu: kwamitin sashe ya duba, ya miƙa wa na tsangaya, shi kuma ya miƙa wa hukumar makarantar gaba da digiri, daga nan sai Majalisar Dattawa. Abin da ya fito daga can, harafi da harafi, shi ne sunan aikinka har abada, sai fa in ka sake bin wannan hanya ka canza shi.

Sai 2020 ta zo. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, a watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Jami'a a rufe, makarantar da nake koyarwa ita ma a rufe na tsawon watanni. Da abubuwa suka ɗan lafa sai na ga ba ni da uzurin zama, na ɗauki littafi da wayata na nufi wajen majema.

Wanda bai taɓa shiga majema ba, wari ne zai fara tarbarsa, warin fata da aka jiƙa cikin ruwan toka don gashi ya saki. Tsohon da aka nuna mini yana zaune kan wani gungume, ya ɗora fatar akuya a kan itace, yana kankare ta da kartaji, ƙarfen nan mai mariƙi biyu. Hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, farcen ya koma launin bagaruwa. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Mi yak kawo ɗan boko majema?" Na faɗi sunan kakana da shiyarmu. Nan ya ajiye kartajin, ya dube ni da kyau, ya ce wa wani yaro ya kawo mini tabarma.

Na yi wata da watanni ina zuwa wurin Baba. Shi ya nuna mini yadda ake daka bagaruwa a jiƙa, yadda ake tsoma fata a riƙa juya ta, yadda ake shafa mata man gyaɗa ta yi laushi, da yadda karan dafi ke ba da jan nan da aka san fatar Sakkwato da shi. Shi ya haɗa ni da dukawa, da dillalan fata a kasuwar Kara, da wasu tsofaffi a Achida da Illela. Akwai garuruwan gabashin jiha da na sa a tsarin bincikena amma ban iya zuwa ba saboda halin tsaro, sai na nemi mutanensu da suka dawo cikin gari na yi hira da su a nan, na kuma rubuta haka a fili a babin dabarun bincike.

Ƙa'idar sashenmu kan hira ba ta da sassauci. Duk wanda ka yi magana da shi, sai ka rubuta sunansa, da shekarunsa, da sana'arsa, da wurin da kuka zauna, da ranar. Sai ka nemi izninsa kafin ka naɗi murya. Da farko na ga abin ya yi yawa, tsoho yana ba ka labari kai kana tambayarsa shekara nawa ya yi a duniya. Amma cikin waɗanda na yi hira da su, uku sun rasu kafin in kare kundin, Allah ya jiƙansu. Ranar da aka tambaye ni ina na samo wata magana, muryar mai ita na nan a kwamfuta, da rana da wuri. Ba don wannan ƙa'ida ba, da maganar ta zama "an ce".

Ɓangaren takardu kuwa, na fara da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan cikin gari, da ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda na karanta kundayen waɗanda suka riga ni. Daga nan sai Kaduna, ta Gusau da Funtuwa da Zariya, ana tafe ana addu'a. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa akwai fayilolin lardin Sakkwato da ake wa lakabi da SOKPROF. Takardu ne da suka yi ja saboda tsufa, wasu in ka ɗaga su da ƙarfi sai gefensu ya karye. A can na ga yadda jami'an Turawa suka dage kan a daina shanya fata a ƙasa cikin rana, a riƙa shanya ta a inuwa, saboda ɗanyar fata busasshiya kamfanoni ke so su kai waje, ba jemammiya ba. Na kuma fahimci abin da jirgin ƙasa ya yi: tun da layin dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, fatar da a da ke fuskantar arewa a bayan raƙumi ta ƙara juyawa kudu zuwa bakin teku. Na ƙarasa da 'yan kwanaki a Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna.

To a nan matsalata ta samo asali. Duk tsohon da na tambaya yaushe sana'ar ta fara sauka, babu wanda ya ce 1960. A wajensu saukar da tutar Ingila bai canza komai a majema ba. Maganarsu ɗaya ce: fari. Farin farkon shekarun 1970, musamman 1973, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa. Suna haɗa shi da zuwan naira a wannan shekarar, da takalman roba, da yadda samari suka bar kwatarniya suka tafi aikin albashi da kwangila bayan Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967. Na koma wajen Malam na ce, "Ranka ya daɗe, in na tsaya a 1960, na yanke labarin ana tsakiyar magana." Ya yi shiru, ya ce in rubuta babin ya gani. Na rubuta, na kai shi 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Ya karanta ya ce ya yi, sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka nemi gyaran take." Na ce to. Na sa a raina zan yi nan gaba.

Ba a jima ba wani yajin aikin ya zo, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022. Wata takwas. Na yi amfani da su wajen rubutu, da dare bayan yara sun yi barci, in an ɗauke wuta in koma fitilar caji. Maganar take ta shige ƙarƙashin sauran abubuwa.

Sauran abubuwan kuwa suna da yawa. Kowace shekarar karatu sai ka sabunta rajista ko da ba ka taka aji ba, sai kuma rahoton ci gaban aiki da masu dubawa za su sa wa hannu. Akwai seminar da ake gabatar da sakamakon bincike. Akwai sharaɗin buga maƙala daga cikin aikin a mujallun ilimi kafin a yarda ka kare. Nan zan ja kunnen na baya: akwai mujallun da za su aiko maka saƙo, ka biya yau su buga jibi, ba wanda ya karanta. Wani abokin karatuna ya kai irinsu, kwamiti ya ƙi karɓa, kuɗi da lokaci suka tafi. Tawa ta farko wata bakwai ta yi a hannun masu tantancewa, ta dawo da jan biro ko'ina, amma gyaran da suka yi mata ya shiga babi na huɗu ya ƙarfafa shi. Sai binciken satar fasaha da manhajar Turnitin. Nawa ya fara fitowa sama da adadin kamanceceniya da wasu rubuce-rubuce da aka yarda da shi, na tsorata, sai aka gano maƙalun da na buga da kaina ne da dogayen maganganun da na ciro daga fayilolin Turawa. Na rage ciro magana, na faɗi abin da bakina tare da nuna inda na samo, ya sauka.

Na yi karewar cikin gida a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, har sai da mai hoton takardu ya yi mini aiki bashi. A wannan zama ma an ambaci take. Wani malami ya ce a daidaita shi da abin da ke ciki, sakatare ya rubuta. Ni kuma na ɗauka tunda ya shiga rahoton zama, shi ke nan ya gyaru. Littafin ƙa'idoji ya faɗa a sarari cewa ɗalibi ne ke nema a rubuce, ta hannun mai duba aikinsa. Littafin kuwa yana cikin akwati.

Daren nan na Mayu na ciro shi na karanta daga bango zuwa bango. Maman yara ta kawo mini tuwo ya huce ban taɓa ba. Ta ce, "Malam, shekara huɗu ka jure, wata nawa ne ba za ka jure ba?" Washegari na rubuta takardar neman gyara, Malam ya sa hannu bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa zafi. Daga nan sai jira. Kowane kwamiti da ranar zamansa, in ka kuskure wannan sai na gaba. Kafin takardar ta gama zagayenta sabuwar shekarar karatu ta shigo, na sake biyan rajista.

A watannin nan na yi fushi, amma da na natsu na ga hikimar abin, kuma har yau ina kan wannan ra'ayi. Da take ake zaɓen mai jarrabawa na waje, don a samo wanda ya san fannin da zamanin. Da shi ake hana ɗalibai biyu yin aiki ɗaya. Shi ne kuma abin da jami'a za ta tsaya a kai nan da shekara hamsin in an tambaye ta me wane ya bincika. Da an bar kowa ya canza nasa a ɗaki, da babu abin da sa hannun Majalisa ke nufi.

Da take ya gyaru aka aika kundin. Ɗalibi ba ya zaɓen mai jarrabawa, bai kuma kamata ya neme shi ba. Bayan makonni rahotonsa ya iso cewa aikin ya cancanci a kare, aka sa rana. A ɗakin akwai shugaban zama, da shugaban sashe, da wakilin makarantar gaba da digiri, da mai jarrabawa na cikin gida, da baƙon furofesan da ya zo daga wata jami'a. Masu duba aikina suna gefe, ba su da ta cewa sai an tambaye su. Aka ba ni 'yan mintuna na taƙaita aikin shekara biyar. Sannan baƙon ya buɗe kwafinsa, na hango ya naɗe kusurwar shafuka da yawa.

Ya bi ni babi babi kusan awa uku. Ya kama ni da manazarta da ban jera bisa tsari ɗaya ba, da taswirar da ba ta da ma'auni, da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin, da ya yi tsawo. Tambayar da ba zan manta ba ita ce: "Baturen da ya rubuta cewa mahauta da majema ne ke ɓata fata, da majemin da ya ce maka Bature ne ya ɓata sana'a, wa ka gaskata?" Na ce ban ɗauki ɗaya na yar da ɗaya ba. Baturen yana auna fata da abin da masana'antar Ingila ke so, majemi yana auna ta da abin da baduku zai ɗinka, kuma aikina shi ne in nuna yadda ma'aunin farko ya danne na biyu. Ya ce to me ya sa wannan magana take ɓoye a shafi na ɗari biyu da wani abu, ba ta cikin kammalawa? Ba ni da amsa. Ya ce a mayar da ita inda za a gan ta. Game da babin fari kuwa, wanda ya jawo mini duk wannan jinkiri, cewa ya yi shi ne ya fi kowane babi rai.

Aka ce in fita. Na tsaya a baranda ina ta salati. Hukuncin irin wannan zama hawa-hawa ne: a ci ba gyara, a ci da ƙananan gyare-gyare, a ci da manya, a sake rubutawa a dawo, ko a faɗi. Da aka kira ni, shugaban zama ya ce na ci, da ƙananan gyare-gyare. Abokai a waje suka fara "Dakta, Dakta", Malam ya ɗaga hannu ya ce a dakata, sai Majalisa ta zauna.

Gaskiyarsa. Na yi gyaran cikin wa'adin da aka ba ni, mai jarrabawa na cikin gida ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar a rubuce. Sai ɗaurin kundi da bango mai kauri, launi da girman harafi da faɗin gefen shafi duk yadda littafin ya ce, wannan karon da shi a hannuna na je wajen mai ɗauri. Sai farautar sa hannu a shafin tabbatarwa, da kwafi na kwamfuta, da takardar wanke kai daga ɗakin karatu da ofishin kuɗi. Hajiya ta sake ɗora yatsa kan fayil, ta dubi bango, ta buga hatimi. A 2024 Majalisa ta amince da sakamakon.

Kwafi ɗaya na kai majema. Baba ya wanke hannu, ya goge a riga, ya karɓa yana auna nauyinsa. Da Turanci aka rubuta, don haka na buɗe shafin da sunansa yake na nuna masa, sannan ya ce in karanta masa wurin bagaruwa. Ina karantawa ina mayarwa da Hausa. Da na zo inda na faɗi kwanakin da fata ke yi cikin ruwan jima, ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wanga lissahi na bazara ne. In da ɗari ne, ruwa na da sanyi, sai ka ƙara mata kwana."

Na ce, "Baba, ba ka faɗa mini haka ba."

Ya ce, "Ba ka tambaya ba. Kullum da zahi kaka zuwa."

Na ari biro wajen yaron da ya taɓa kawo mini tabarma, wanda yanzu shi ke riƙe da kartaji, na rubuta a gefen shafin, na sa ranar da wurin.